Me za mu kira injin RX-7 da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "injin majuyi"

'Yan uwa masu sana'ar gareji da masu sha'awar mota, ku taya ni mu yanke wannan magana. Akwai injin da ba shi da fistan, ba shi da bawul, wanda Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙira, kamfanin NSU ya fara tayar da shi a 1957. Kamfanin Mazda na Hiroshima ne ya riƙe shi da gaske a motocinsa, tun daga Cosmo Sport a 1967, zuwa RX-7 a 1978, har RX-8 da aka daina ƙerawa a 2012.

Sunan mai shi ba zai yi mana ba. Ka ce "injin Wankel" a bakin gareji, kafin la'asar ya koma "injin wanki". "Rotari" kuwa aro ne da bai gaya wa ɗan koyo komai ba. "Inji mai juyawa" ma na ƙi shi, domin wane inji ne ba ya juyawa?

Ku dubi cikinsa. Ƙarfe ne mai kusurwa uku, gefunansa da ɗan tudu, yana zagayawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. Kowace fuska tana shan iska da fetur, ta matse, fulogi ya kunna, ta fitar da hayaƙi. Zagayensa ɗaya, shaf ya juya sau uku. Wannan ƙarfen nake kira majuyi, a kan tsarin mabuɗi da magogi, jam'insa majuyai. Inji kuma injin majuyi, kamar yadda muke cewa injin fistan.

Abin da ya sa na dage a kan sunan da ke nuna ƙarfen kansa shi ne aikin sauke inji da haɗa kayan shekaru daban-daban. A can ne suna yake ceton kuɗi.

Injin da ake kira 12A, na RX-7 ta farko, faɗin gidan majuyinsa milimita 70 ne. Na injin 13B da ya biyo bayansa 80 ne. Majuyai biyu gare su, ke nan 13B ya fi tsawo da milimita 20, don haka mai ɗora shi a mazaunin 12A sai ya gyara wurin ɗaurin inji da bakin salansa. Wannan da ido ma ana gani.

Wanda ba a gani shi ne na cikin 13B ɗin kansa. Majuyin 1986 zuwa 1988 ya fi na 1989 zuwa 1991 nauyi, matsinsu ma ba ɗaya ba: a marar turbo, 9.4 ne da 9.7. Kowane nauyi yana da ƙarfen daidaito da falawil ɗinsa, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji. Ka sa majuyin wata shekara da falawil ɗin wata, inji zai tashi, amma zai yi ta karkarwa har ya ci boris. Famfon da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta ma ya sauya a 1989, daga na sanda ya koma na lantarki mai jin umarnin birenbos, wato kwamfutar mota. Injin RX-8 mai suna Renesis kuwa, ƙofar hayaƙinsa ta bar jikin gidan majuyi ta koma farantin gefe, shi ya sa gidansa da na RX-7 ba sa musanya kai tsaye. Oga zai iya ce wa yaronsa, "Duba min majuyin wace shekara ne," magana ta ƙare.

Sai siririn ƙarfen da ke bakin kowace kusurwa, mai hana matsi zurarewa, wanda lalacewarsa ce ke yawan sa a sauke injin. A RX-7, kaurinsa milimita 3 ne kafin 1986, daga nan ya koma 2. Na san ba zobe ba ne, miƙaƙƙe ne, amma aikin ringi yake yi, kuma kowane makanike ya san abin da ake nufi da "ringi ya mutu". Saboda haka ringin kusurwa.

Saura shaf ɗin tsakiya, wanda ke zaune a matsayin karanshaf. Yana da tudu biyu da suka kauce daga tsakiya, a kansu majuyai ke hawa. Na ba da "shaf mai doro". Iyayenmu na gareji, bakinku zai ɗauke shi, ko a bar shi karanshaf?