Sabar kantinmu ta ƙi tashi bayan ɗauke wuta, ga root a kulle

Ɗan Gulbi, Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Taimakon gaggawa nake nema, don gobe Litinin ranar kasuwa ce.

Ni nake kula da kwamfutocin kantin sari na Alhaji, ƙanen babana, a bayan babbar kasuwa: shinkafa, sukari, man girki da taliya. Sabar tsohuwar kwamfutar ofis ce ƴar gwanjo, Debian 12 ce a kanta, da Apache da MariaDB (rumbun bayanai) da Dolibarr, manhajar lissafin kanti. Akawu da mai sito da shi Alhaji duk ta nan suke shiga. Faktir, lissafin kaya, bashin da muke bin ƴan sari na Tibiri da Madarunfa da Gidan Runji, babu abin da ba a cikinta yake ba. Ba ni na girka ta ba, wani yaro ne da ya yi aiki a nan kafin ni, kuma ya bar gari.

Jiya da la'asar aka ɗauke wuta. Ondilar, wato UPS mai batirin riƙe wuta, ta riƙe ta ɗan lokaci sannan ta mutu, aka tada gurup (janareta). Sabar ta kunnu, amma sai ta tsaya tana ƙirga daƙiƙa har minti 1 da rabi, ta rubuta `Timed out waiting for device /dev/sdb1`, ƙasa da shi `Dependency failed for Local File Systems`. Daga nan ta ce tana `emergency mode`, kuma `Cannot open access to console, the root account is locked`, wato asusun root, mai cikakken iko a kan na'urar, a kulle yake. In na danna Enter, saƙon ne yake sake dawowa. Ta SSH ma, wato shiga daga wata kwamfutar, ba ta amsawa.

Wani mai gyara a bakin titi ya ce a goge a sake girkawa, kuma Alhaji ya fara karkata ga maganarsa. Ni hankalina bai kwanta ba. Bashin mutane ne a ciki, kuma ban tabbata akwai kwafinsa a wani wuri ba. Akwai wani diskin waje a ƙarƙashin tebur da aka ce mini shi ne na ajiya. Don Allah mi zan yi?

Malam na Tasawa

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka bari kowa ya goge komai. Tun da ta kai ga rubuta maka wannan saƙo, babban diskinka ya tashi, an karanta shi, bayananka suna nan. Diski na biyu ne ta nema ta rasa.

Ga abin da ke faruwa. Duk diskin da aka rubuta a `/etc/fstab`, jerin diskokin da ake ɗaurawa lokacin tashi, ba tare da wani sassauci ba, systemd, mai tsara tashin na'urar, yana ɗaukarsa dole ne. Yana jiransa daƙiƙa 90, in bai zo ba sai ya tsayar da tashin gaba ɗaya, kafin ma a tada hanyar sadarwa, shi ya sa SSH ba ta amsa maka. Kullen root kuwa daga wajen girkawa ne: a Debian in ka bar kalmar sirrin root babu komai, sai ta kulle shi ta ba mai amfani na farko sudo. Lafiya lau ne a ranakun lafiya, sai irin ranar yau.

Ka sake kunna ta. Da allon GRUB ya fito, wato jerin zaɓin da ke zuwa kafin Debian ta tashi, danna `e`. Nemi layin da ya fara da `linux`, ka ƙara `init=/bin/bash` a ƙarshensa, ka danna F10. Za ta ajiye ka a matsayin root ba tare da tambayar kalmar sirri ba. Sai:

`mount -o remount,rw /`
`nano /etc/fstab`

Ka sa `#` a gaban layin `/dev/sdb1`, ka adana, ka buga `sync`, sannan `reboot -f`.

Abin da zai ba ka wahala shi ne kibod. Namu na nan AZERTY ne, GRUB kuwa tsarin Amurka ya sani, kuma galibi haka za ka tarar a cikin bash ɗin ma. In kana son `a` danna `q`, in `w` kake so danna `z`. Harafin `m` yana kan maɓallin waƙafi, `/` yana kan maɓallin `!`, `-` yana kan `)`, waƙafi yana kan `;`, shi kuma `#` Shift da maɓallin 3. Ka riƙa duba allo kafin ka danna Enter. Na ga masu ilimi sun yi zufa a nan suna zaton na'urar ce ta lalace.

In ta tashi, ka kawo mana abin da `lsblk -f` ya nuna, da layin nan na fstab yadda yake.

Ɗan Gulbi, Maraɗi

Alhamdu lillahi Malam, Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Ta tashi, Dolibarr ya buɗe, faktir na ƙarshe da akawu ya buga jiya yana nan. Alhaji da kansa ya zauna ya duba sunayen masu bashi kafin ya yarda ya tafi gida.

Layin shi ne `/dev/sdb1 /mnt/ajiya ext4 defaults 0 2`. A `lsblk -f` babu sdb sam. Da na durƙusa ƙarƙashin tebur na jawo diskin, ƙura ta rufe shi har ba a ganin fitilarsa. Irin babban nan ne mai cajarsa daban, 12V, kuma cajar a soket ɗin bango take, ba a bayan ondilar ba. Da na shinshina ta, ƙaurin ƙonewa take yi. Ina jin lokacin da gurup ya tashi ne ta tafi. Na samo wata mai ƙarfi ɗaya, 12V 2A, a wurin masu kayan lantarki, na duba alamar + da − ta yi daidai, na jona, diskin ya juya ya bayyana.

Yanzu in cire `#` ɗin in mayar yadda yake? Na ga wasu suna cewa a ƙara `nofail` kawai a huta.

Akwai kuma abu na biyu. Agogon sabar yana baya da kwanaki, kuma da na kunna intanet na buga `apt update` sai ta ce `Release file ... is not valid yet`. Ko su ma daga ɗauke wutar ne?

Hajiya ta Damagaram

Sannu da ƙoƙari ɗana. Ni sabar wata makaranta nake riƙewa, kuma maganar `nofail` ɗin nan nake so in tsaya a kanta, don masu ba da shawararta rabin magana suke faɗi.

Da farko ka daina kiran diskin da `/dev/sdb1`. Wannan suna na wanda ya riga fitowa ne a lokacin tashi. Ranar da akawu ya manta da kile USB a jikin sabar, tana iya zama sdb, diskinka ya koma sdc. Ka buga `blkid`, ka kwafi UUID ɗinsa, layin ya koma haka:

`UUID=lambarka /mnt/ajiya ext4 defaults,nofail,x-systemd.device-timeout=10s 0 2`

Sannan `systemctl daemon-reload`, `findmnt --verify` da `mount -a`. Ka yi su kafin ka sake kunna na'urar, don kuskuren harafi ɗaya zai mayar da kai inda ka fito jiya.

To ga sauran rabin. Da `nofail`, in diskin bai zo ba sabar za ta tashi shiru, ba wanda zai sani. Amma `/mnt/ajiya` yana nan a matsayin folda a kan babban diski. Da dare ya yi, cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokacin da aka sa masa, zai zuba kwafin ajiya a cikinsa, babu ƙorafi. Kana barci kana zaton kana da kwafi a diski biyu, alhali duka a diski ɗaya suke, kamar wanda ya raba kuɗinsa aljihu biyu na riga guda. Kuma kullum babban diskin cika yake yi, har ranar da MariaDB za ta rasa wurin rubutu ana tsakiyar ciniki. Tsayawar da ta yi maka jiya ta ba ka haushi, amma aƙalla ta sanar da kai cewa diskin ajiya ya ɓace.

Maganinsa biyu ne, kuma ka yi su duka. Ka sauke diskin da `umount /mnt/ajiya`, ka buga `chattr +i /mnt/ajiya` a kan foldar tana wofi. Daga nan ko root ba zai iya rubutu a cikinta ba sai an ɗaura diskin a kai. Sannan a farkon umarnin ajiyar ka sa `mountpoint -q /mnt/ajiya || exit 1`, kuma ka sa ya bar maka alama a inda za ka gani da safe in ya fasa.

Tun da ka ce ba kai ka girka ba, ka buɗe diskin nan yau ka ga abin da ke ciki. `ls -lt /mnt/ajiya`, duba kwanan wata da girman fayil. In kwafin foldar `/var/lib/mysql` ake yi alhali MariaDB tana aiki, kada ka dogara da shi. `mariadb-dump --single-transaction` ake so. Kuma Dolibarr yana ajiye takardun PDF da sauran fayiloli a foldar `documents`, ba a cikin rumbun bayanai ba, ita ma sai an kwafe ta. In kana da wata kwamfuta a gefe, ka gwada mayar da kwafin a kanta ka ga ko sunayen masu bashin sun fito.

Malam na Tasawa

Hajiya ta gama magana kan diski, ba ni da ƙari.

Agogo kuwa ƙaramin batirin nan ne mai kama da kwabo a kan uwar allo, CR2032. A na'urar gwanjo kusan kullum ya riga ya mutu, ba ka ganewa sai wuta ta yanke gaba ɗaya. systemd-timesyncd yana mayar da agogo zuwa lokacin ƙarshe da ya adana, shi ya sa ka ga baya da kwanaki kawai. Shi kuma apt yana ganin fayil ɗin da aka sa wa hannu a ranar da agogonka bai kai ba tukuna, sai ya ƙi. Ka canza batirin, ka gyara lokaci a BIOS, ka buga `timedatectl set-timezone Africa/Niamey` da `timedatectl set-ntp true`. Ka yi kafin akawu ya buga faktir na farko gobe, kada ya fito da kwanan watan makon jiya.

Ni da ni ne, zan sa wa root kalmar sirri da `sudo passwd root`, in rubuta a takarda in ba Alhaji ya sa a sef.

Hajiya ta Damagaram

A nan na ɗan saɓa da Malam. Ni na fi son root ya zauna a kulle, in ajiye kile mai Debian live, wadda ake tada na'ura daga kanta, a aljihun tebur. Amma kowanne ka zaɓa, ka lura da abin da jiya ta nuna maka: duk wanda ya zauna gaban na'urar ya san `init=/bin/bash` ya zama root. Ɗakin da sabar take a riƙa kulle shi.

Ɗan Gulbi, Maraɗi

Na gode Hajiya, na gode Malam. Kasuwa ta ci ta watse lafiya, faktir duk sun fita da kwanan wata daidai.

Hajiya, abin da kika ji tsoro shi na tarar. Fayil na ƙarshe mai kirki a diskin ajiya tun kafin azumi ne. Duk na bayansa suna nan da sunansu da kwanan watansu, amma girmansu sifili. An taɓa canza kalmar sirrin rumbun bayanai, ba a canza ta a umarnin cron ba, shi kuma yana ta ƙirƙirar fayil wofi kowane dare. Da an bi maganar gogewa, da bashin watanni ya tafi, kuma mutanen nan da yawansu amana ce kawai tsakaninmu da su, babu wata takarda a hannunsu. Na gyara, na yi kwafi sabo, na mayar da shi a laftof ɗina ya buɗe. Root na bar shi a kulle, na haɗa kile.

Saura ondilar. Ba ta da ramin USB, don haka NUT, manhajar da ke sa ido kan ondila, ba zai iya jin ta ba, kuma ko minti biyar ba ta riƙewa yanzu. Sannan na girka smartmontools na duba babban diskin: zafinsa 52, `Current_Pending_Sector` yana nuna 8. Abin damuwa ne?

Malam na Tasawa

Abin damuwa ne ƙanena, fiye da ondilar ma. Lamba ta 197 kenan a jerin da `smartctl` yake nunawa: gurabe ne da diskin ya kasa karantawa. Wani lokaci yankewar wuta ana tsakiyar rubutu ke jawo su, su warke in an sake rubutu a kansu, amma ga diskin gwanjo mai ɗauke da bashin mutane ban yarda a jira a gani ba. Ka duba lamba ta 5, `Reallocated_Sector_Ct`, ka kuma yi `smartctl -t long /dev/sda` da dare bayan an rufe kanti. Ka gaya wa Alhaji a sayi SSD tun yanzu, shi ba abin da ke juyawa a cikinsa. Zafi 52 ya yi yawa, ga shi Afrilu da Mayu suna tafe. Ka buɗe akwatin ka hure ƙurar hunturu daga fanka, ka ɗaga sabar daga ƙasa, ka janye ta daga jikin bango.

Ondilar batirinta ne, galibi 12V 7Ah, kuma zafin garinmu yana cinye irinsa da wuri. Canza shi ya fi sayen sabuwa araha. Tun da ba ta magana da kwamfuta, ka yi dabara: ka bar modem a soket ɗin bango, sabar da suwic da cajar diskin ajiya a bayan ondilar. Ka sa cron ya riƙa yi wa modem `ping` kowane minti. In ya yi shiru sau uku a jere, a ɗauka wuta ta tafi, sabar ta buga `shutdown -h now` ta kwanta da kanta tun batiri bai ƙare ba. Ka gargaɗi yaran kanti kada su zare modem don cajin waya, in ba haka ba za su kashe maka saba da rana tsaka.

In gwajin dare ya gama, ka liƙo mana duk abin da `smartctl -a /dev/sda` ya fitar, kada ka yanke komai.