Abin da aka tattauna kan shuka a tsofaffin kaya a Damagaram

1. Kowa ya yarda bidon (jarkar roba) mai lita 25 ya fi: a yanke shi biyu, a huda gindi da ƙusa mai zafi, a zuba tsakuwa.

2. Ƙasa: rairayi da takin awaki da ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

3. Tsohuwar taya ta raba kan jama'a. Wasu sun ce ta yi wa furanni, wasu ba su yarda a shuka abin miya a ciki ba. Ni ina tare da na biyun.

4. Gwangwanin ƙarfe yana ɗaukar zafi a bazara, sai a inuwa.

5. Ruwa kuwa, kun san ƙarancinsa a garinmu: na wankin shinkafa ya isa na'ana'a da yakuwa, ban da na omo.