Saukar da lojisiyel ta torrent, akwai hatsari?

Ɗan L3:
Salamu alaikum ƴan uwa, ina son SPSS, lojisiyel ɗin nan na ƙididdiga, don aikin memwar ɗina amma kuɗin lasisi ya fi ƙarfin aljihuna, wani aboki a Ali Dan Sofo ya ce in sauko da shi kyauta ta uTorrent, lojisiyel ɗin da mutane ke raba fayiloli tsakaninsu da shi. Don Allah akwai matsala?

Maman Sani:
Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai fa. Waɗannan da aka fasa sau da yawa an cusa musu virus a ciki, kuma za su ce ka kashe antivirus kafin ka sa, to daga nan ka buɗe ƙofa, wani ya sace maka kalmar sirri wani kuma ya kulle duk fayilolinka ya ce sai ka biya, memwar ɗin ya tafi kenan.

Hadiza:
Kuma torrent ba saukewa kawai yake ba, kana ja kana turawa wasu, forfe ɗinka ya ƙare ba ka sani ba. Adireshin IP ɗinka ma duk masu jan fayil ɗin suna gani.

Maman Sani:
Ka ɗauki R ko PSPP, su ma na ƙididdiga ne kamar SPSS, kyauta ne halal. Kuma ka ajiye kwafin memwar a imel, kile USB ma tana yawo da virus.

Ɗan L3:
Na gode yaya, PSPP ɗin zan gwada.