Masu BYD Atto 3, ku gaya mana abin da kuka gani

Baban Amira:
Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ke cinye mini kusan sulusin albashi. Wata uku ke nan ina zawarcin motar lantarkin nan BYD Atto 3. A takarda an ce mai babban batir, kimanin kilowat-awa 60, tana cin kilomita 420 kafin a sake caji. Ina son ji daga bakin waɗanda suka hau ta, daɗinta da ɗacinta.

Injiniya na Wuse:
Wa alaikumus salam. Ina tare da ita, kuma ban yi nadama ba. Unguwarmu tana Band A, rukunin da ya fi samun wutar lantarki, yunit ɗaya wajen naira 210. Cika batir daga ƙasa yana cin yunit sittin da 'yan kai, wato ƙasa da naira dubu 15. Kwatanta da cika tankin mota yau. Na sa an kafa mini cajar bango mai kilowat 7 a gareji, in jona bayan isha'i, kafin in dawo daga sallar asuba ta kusa cika. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu lagireto mai tafasa a cunkoso. Birki ma ba ya saurin cinyewa, don da ka ɗaga ƙafa motar ke rage gudu da kanta tana mayar wa batir da wuta. Amma kar ka riƙe 420 ɗin nan a ranka. Da zafin watan Afrilu da esi a kunne, ni nakan ɗauka ina da ɗari uku da wani abu.

Maman Khalil:
Abin da ya fi burge ni ba a titi yake ba. Motar tana ba da wuta waje. Akwai wayar da ake jonawa a wurin caji, sai ta zama kamar janareta marar ƙara. Da azumin bara aka ɗauke mana wuta kwana biyu, da ita na riƙe firji da fankoki har muka sha ruwa mai sanyi, yara suka yi barci. Abin da nake tsoro kawai shirunta. A lungu sai ka zo dab da yaro bai waiwayo ba, shi ya sa hannuna kullum yana kan hon.

Alhajin Kwari:
Ni tawa daga China aka kawo mini. Ina zuwa sari Guangzhou, na leƙa Shenzhen, inda kamfanin yake, na ga tasi da bas duk na lantarki, sai abin ya shiga raina. Can sunanta Yuan Plus. Dillalin da ya shigo mini da ita bai gaya mini cewa bakin cajinta irin na China ne ba, GB/T, alhali wadda ake fitarwa waje tana da CCS2. Sai da na nemo mahaɗi. Allon ma da rubutun Sinanci ya zo, ɗana ne ya yi ta fama da shi. Wanda zai saya ya buɗe murfin caji ya duba da idonsa, ya kuma tambayi wa zai ɗauki garantin batir a nan gida. Sannan tiransifomarmu ta ƙone, muka yi sati uku a duhu. Da janareta nake cajin ta, ina sayen man da na gudu. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai.

Ɗan Zazzau:
Yallaɓai, in kana yawan tafiya Kano ka yi tunani. Daga Abuja tafiyar ta haura kilomita 400, ba ta yi a caji ɗaya ba. Na kwana Kaduna gidan yayata na jona a soket ɗin bango, wanda ƙarfinsa wajen kilowat 2 ne, da safe ko rabi ba ta ƙaru ba. Kuma ba ta zuwa da safaya, sai famfo da ruwan liƙe taya. Na sayi tawa na ajiye a but. Batir a ƙasan motar yake, saboda haka duk rami da tudun rage gudu a hankali nake hawa.

Oga Bakanike:
Don Allah kar a kai ta wajen duk wanda ya iya sifana. Wayoyin cikinta masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta wajen bolt 400, suna kisa. Taya, birki da ƙafafu mukan duba. Abin da ya shafi batir sai wanda aka horar. In aka goge maka fitila ko bamba kuma, ka shirya jira, ba a samun su a kasuwar kayan gyara kamar na Toyota.

Baban Amira:
Allah ya saka da alheri. Mu Band C ne, wuta ba ta wuce awa goma sha biyu, wani lokacin ko haka ba ta kai ba. Injiniya, sola za ta iya ɗauka?

Injiniya na Wuse:
Kilomita nawa kake yi a rana? In arba'in ne, yunit shida zuwa bakwai kake buƙata. Sola mai kilowat 3 za ta ba ka haka, amma da rana take bayarwa, lokacin motar tana wurin aiki. Sai ka ƙara batiran gida, ko ka riƙa cika ta Asabar da Lahadi. Turo mini girman inbatarka in yi maka lissafi.