Daga ma'ajiyar burauza zuwa manhajar kalmomin sirri ta musamman: abin da kowa ya gani da idonsa

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka kwashe kalmomin sirrinsu daga ma'ajiyar da ke cikin burauza, irin ta Chrome ko Firefox ko Safari, suka mayar da su wata manhaja da adana su ne kaɗai aikinta, kamar Bitwarden ko 1Password ko KeePass. Burauzar da nake amfani da ita a kwamfuta daban take da ta wayata, saboda haka kalmar sirrin da na adana a nan ba ta bayyana a can, kuma hakan ya fara damuna sosai. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, ko ya ci riba ko ya sha wahala.

Mai gyaran kwamfuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya sa na ƙaura shi ne wata kwamfuta da aka kawo mini gyara bayan mai ita ya sauke wata manhajar sata daga intanet. A cikinta akwai muguwar manhaja irin wadda ke kwasar bayanai, kuma kafin ya farga an shiga imel ɗinsa, an canza kalmar sirrin asusunsa na Facebook, an kuma fara tura wa abokansa saƙon neman kuɗi da sunansa. Da na buɗe jerin abin da burauzarsa ta adana, sai na ga duk asusun da aka taɓa yana cikin jerin nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A kan Windows, tsarin da burauzoji irin su Chrome suka daɗe a kansa shi ne su kulle kalmomin sirri da mabuɗin da ke ɗaure da asusun mai kwamfutar, ta yadda duk manhajar da ke gudana da sunan mutumin tana iya neman a buɗe mata, kuma miyagun manhajoji irin su RedLine an gina su ne don cin gajiyar wannan hanya. Chrome ya ƙara tsaurara tsarinsa a shekarar 2024, kuma wannan ci gaba ne na gaske, amma ni hankalina ya fi kwanciya da rumbun manhajar kalmomin sirri ta musamman da ke da mabuɗinsa na kansa, wanda yake rufe kansa bayan wasu mintuna idan ban taɓa shi ba. Sai dai kada a yaudari kai: idan muguwar manhaja ta riga ta shiga na'ura, rumbun kuma yana buɗe, babu manhajar da za ta yi maka alƙawarin tsira.

Malamar makaranta:

Ni kam ban ƙaura ba, kuma ina ganin ya kamata a ji irin namu ma. Kafin na fara barin burauza ta ƙirƙira mini kalmomin sirri, kalma ɗaya nake maimaitawa a kusan kowane shafi, wanda shi ne haɗari mafi girma, domin da zarar an yi wa shafi ɗaya kutse an samu mabuɗin sauran. Yanzu kowane asusu da tasa kalmar, kuma burauzar ba ta cike mini kalmar sirri idan adireshin shafin bai yi daidai da wanda ta adana ba. Wannan ya taɓa cetona daga wani shafin bogi da aka tsara shi tamkar na banki. A Firefox nake, na kuma sanya babbar kalmar sirrin da yake bayar da damar sanyawa, wadda dole in shigar da ita kafin a buɗe ma'ajiyar. Ga wanda burauza ɗaya yake amfani da ita a ko'ina, ban ga laifin zama a nan ba.

Ma'aikacin lissafi:

Malama, maganarki tana kan hanya, amma ga inda na bambanta da ke. Lokacin da labarin kutsen da aka yi wa LastPass, wani kamfanin manhajar adana kalmomin sirri, ya bazu a 2022, kuma kamfanin ya tabbatar a watan Disamba na shekarar cewa an kwashe kwafin rumbunan masu amfani da shi, duk da cewa kalmomin sirrin a kulle suke, sai na fahimci cewa ƙarfin babbar kalmar sirrin mutum shi ne katangar da ta rage masa. Na yanke shawarar kada rumbuna ya zauna a sabar kowane kamfani, wato kwamfutarsa ta ajiyar bayanai a intanet, don haka na koma KeePassXC, wadda take ajiye komai a cikin fayil guda a kan kwamfutata. Kyauta ce, kuma kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta.

Wahalarta kuwa ita ce duk nauyi ya dawo kaina. Ni nake kwafar fayil ɗin zuwa waya, ni nake ajiye wani kwafin a faifai na daban, kuma idan na sabunta kalma a kwamfuta ban tura sabon fayil ba, sai in tarar da tsohuwar a waya a daidai lokacin da nake gaggawa. Ba zan ba mutumin da ba shi da haƙurin wannan aiki shawarar ya bi ni ba. Bitwarden ko 1Password sun fi masa sauƙi, tunda su suke daidaita na'urorin da kansu.

Ma'aikaciyar jinya:

Abin da ya fi tsorata ni shi ne mantuwa, domin waɗannan manhajoji an gina su ne ta yadda kamfanin da kansa bai san babbar kalmar sirrinka ba, saboda haka ba zai iya turo maka ita ba idan ta ɓace maka. Na haɗa tawa daga kalmomi da yawa marasa alaƙa da juna, na rubuta ta a takarda tare da dogon mabuɗin sirrin da 1Password ke bai wa kowane asusu, na ajiye a wurin da nake ajiye muhimman takarduna. Ribar da na fi gani ita ce rumbun haɗin gwiwa da maigidana, inda muke ajiye asusun da muke amfani da su tare ba tare da tura wa juna kalmar sirri ta saƙon waya ba.

Mai gyaran kwamfuta:

Malam mai tambaya, idan ka tashi ƙaura, burauzar za ta fitar maka da kalmomin a fayil nau'in CSV, kuma wannan fayil a buɗe yake, duk wanda ya same shi zai karanta komai. Da zarar ka shigar da shi sabuwar manhajar ka tabbatar komai ya shiga, ka goge shi, ka kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar. Bayan haka ka share abin da ke cikin burauzar, ka kashe tayin da take yi na adana kalmar sirri, in ba haka ba za ka wayi gari da ma'ajiya biyu da suka saɓa wa juna. Ni lambobin tabbatarwa na mataki na biyu, wato waɗanda ake nema bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu, a wata manhaja daban nake ajiye su, musamman na imel da na rumbun kansa, ko da yake na san wasu suna haɗa su wuri guda don sauƙi.