Neman shaidar likita ga wanda ake tuhuma mai taɓin hankali

Lauya Sabon Shiga:
Assalamu alaikum, manyanmu. Ina kare wani matashi da ke tsare a gidan gyaran hali, kuma iyayensa sun ce ya daɗe yana fama da taɓin hankali. A ina zan samu ƙwararre a Kano wanda kotu za ta karɓi shaidarsa?

Barista Tsohon Hannu:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka fara rarrabe abubuwa biyu: halin da hankalinsa yake ciki lokacin da aka ce ya aikata laifin, wanda sashe na 51 na Kundin Final Kod (dokar hukunta laifuka ta Arewa) ya yi magana a kai, da kuma ko yanzu yana iya fahimtar shari'ar har ya kare kansa. Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne, saboda haka nauyin kawo hujja yana wuyanka. Ka roƙi kotu ta ba da umarnin a duba shi a Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Likitar Ƙwaƙwalwa:
Barista ya yi gaskiya, sai dai ganin mutum sau ɗaya ba ya wadatar da mu. Ku kawo katin asibitinsa na baya da sunayen magungunansa, kuma 'yan uwansa su zo, ko da wajen mai ruƙiyya kaɗai aka taɓa kai shi, domin labarinsu ne yake nuna mana lokacin da ciwon ya fara.

Lauya Sabon Shiga:
Na gode. Zan shigar da buƙatar kafin zama na gaba.