Masu rake, a ina ribar take maƙalewa?

Daga Makarfi: Salamu alaikum. Shekarata huɗu ina noman rake a fadamar da na gada. Kusan shekara guda mutum yana ɗawainiya, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 injin ban ruwa ya zama wani bakin ci a gidana. Bara bashin taki ya sa na sayar wa dillali raken gonar a tsaye. Ranar da na ga yawan damin da ya loda a mota, wallahi ban runtsa ba. Ku da kuka riga ni, me kuka gyara?

Daga Kudan: Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da iri. Na daɗe ina barin gyauro sau uku, sau huɗu, wai ina gudun kuɗin sabon dashe, rake yana ta sirancewa kamar karan dawa. Yanzu daga gyauro na biyu nake tuge shi. Iri kuma kan raken nake yanka, mai ido uku lafiyayyu, daga gonar da na taka da ƙafata. Ka kula da cutar nan da ke fitar da baƙar bulala a tsakiyar kai. Duk gindin da ya yi ta, rufe shi da buhu kafin ka tumɓuke, ka ƙone can nesa, domin garin nan nata iska ke kwasa. Ni ta taɓa cinye mini kusurwa guda saboda tausayin gindi biyar da na ƙi cirewa.

Daga Matamaye, Nijar: Mu nan albasa muke sawa tsakanin layuka kafin rake ya rufe. Kuɗinta ke sayen mai, sai ba ka da dalilin zuwa wurin dillali da wuri. Takin dabbobi kuma sai ya ruɓe, ɗanye gara yake kira.

Daga Ikara: Yaya, mu da maigida mazarƙwaila ta fisshe mu. Manyan sanduna a kai kasuwa, sirara da karkatattu waɗanda dillali ke rainawa mu kai injin matsa. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muke haya. Abu ɗaya: ranar da aka sare, ranar za a matse, in ya kwana biyu ruwan ya soma tsami, ba za ta daskare da kyau ba. Ɓawon da aka matse mu shanya, shi ne itacenmu. Ita mazarƙwaila ba ta gaggawa kamar rake, sai ka ajiye wuri busasshe har azumi ya matso.

Daga Makarfi: Baba, na gode, gyauron nawa na uku ne, bana zan tuge. Hajiya, hayar injin nan da yini ake biya ko da yawan dami?